Ɗigon Ƙarfe a Idon Yaya

Abin da ya fi burge ni da injin nan, ba a ƙashi kaɗai yake tsayawa ba, har naman ciki yake nunawa. MRI ake ce masa. Ƙaton maganaɗisu ne mai rami a tsakiya, a tura mutum ciki, ya fito da gwiwarsa a hoto falle-falle ba tare da an taɓa fatarsa ba. Duk a waya na koya. Ashe akwai jijiyoyi biyu a tsakiyar gwiwa da suka gitta juna. Mai lafiya baƙa take fitowa, a miƙe kamar igiya, wadda ta tsinke kuwa fari-fari, a tarwatse. Na kalli hotunan nan har ta kai in na ga jijiya a naman miya sai na tsaya dubawa.

Saboda yayana na fara. Walda yake yi a unguwar Shamaki, a tsugune yake wuni. Wata rana ya diro daga katangar wani gida a unguwar Barunde inda yake kafa ƙofa, gwiwar ta yi ƙara. Hoton ƙashi bai nuna karaya ba. Mai ɗori ya ɗaure sau biyu, kumburi ya sace, amma yana cikin tafiya sai ƙafar ta goce masa. Likita ya ja ƙwaurin, ya ce jijiyar yake zargi, sai dai masu tiyata ba za su buɗe ba sai sun ga MRI. Mai walda kuwa in ba ya tsuguno, sana'a ta bar shi.

Wata uku ina lallashinsa.

"Ke likitar waya," in ji shi, "so kike a cusa ni a tanda kamar burodi?"

"Yaya, ko zafi babu. Ƙara ce kawai, kuma ba ta kai ta shagonku ba."

Ranar da ya yarda, ni na shirya shi. Na sa ya ajiye zobe da bel da makullai, don na karanta injin yana fizgar ƙarfe. A keke mai ƙafa uku da muka hau har ina yi wa direban bayani.

Ma'aikacin ɗakin hoton ya riƙe takarda yana tambayoyi. Da ya ji sana'ar, sai ya ɗago.

"Malam, ƙarfe ya taɓa faɗa maka a ido?"

Yaya ya yi dariya. "Ranka ya daɗe, wane mai walda ne bai faɗa wa ba? Maganaɗisun tsohuwar sifika muke karawa a idon, ya zuƙo shi. Ni da maganaɗisu mun saba."

Mutumin bai yi dariya ba. Ya tura mu a ɗauki hoton idon. Sai ga wani farin ɗigo a na hagu, bai kai ƙwayar gero ba. Ya ce injin zai iya motsa shi ya makantar da idon, ko da gwiwa za a duba, don haka Yaya ba zai shiga ba. Likitan ido kuma ya ce ɗigon ya yi nisa, ciro shi ya fi barinsa haɗari.

Ni da na haddace sunan kowace jijiya, wannan ban taɓa karanta shi ba.

Yanzu a kan benci yake aiki, ƙafar a miƙe, yana liƙe hannun tukunya da ƙafar kujera. Aikin ƙofa da taga maƙwabcinsa ake kai wa. Jiya ma gwiwar ta kayar da shi a bakin masallaci. Ina ta bincike, kuma duk hanyar da na bi a injin nan take ƙarewa.

In akwai wanda yake da ƙarfe a ido kuma aka samu yadda aka duba masa gwiwa, don Allah ya faɗa mini yadda aka yi. Ni dai ban samu ba.