Jakar da Na Bari a Filin Motoci

Har gobe ban manta da ranar Alhamis ɗin da na ajiye jakar aikina a tsakiyar filin ajiye motoci a unguwar Al Thumama da ke Doha, na juya na bar ta ba. Tunda kun ce in faɗa muku wani abu kafin ku fara fita aiki ku kaɗai, to wannan zan faɗa. Wanda ya taɓa ji ya yi haƙuri ya sake ji, don ni dai ban gaji da faɗinsa ba.

Lokacin ina cikin shekarata ta uku a wani sitidiyon ɗaukar hoto a Ain Khaled. Tsarin wurin ba wuya. Akwai mai kamfani, wanda shi ne kafil ɗinmu, wato da sunansa muke zaune a ƙasar, amma sai mu yi wata shida ba mu ga ƙeyarsa ba. Ƙarƙashinsa akwai manaja, da muke kira Mudir, shi ma ɗan ci-rani ne kamarmu, sai dai da kwat da turare. Sai ni, babban mai hoto. Sai Isifu, mai bidiyo, Bahaushen Zangon Kumasi, wanda ya riga ni zuwa da shekaru.

Ga abin da ya kamata ku riƙe tun daga nan. Matata Rukayya da 'ya'yana mata biyu suna tare da ni a Doha, ƙaramar ko yaye ba a yi mata ba. Izinin zamansu yana rataye da aikina, kuma ba a sabunta shi sai kamfani ya ba da takardar shaidar albashi. Izinin nasu saura wata biyu ya ƙare, takardar kuwa tana kan teburin Mudir tana jiran sa hannu.

Ana saura kwana biyu wani babban biki na manyan mutane, Mudir ya kira ni ofis. Na tarar da yayan ango zaune yana shan shayi. Ya yi bayani cikin ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Mahaifinsu ya rasu, ya bar wata ƙaramar bindiga da yake ji da ita, suna so ango ya yi hoto da ita a cikin zauren biki don tunawa da shi. Matsalar ita ce zauren ya hana shiga da makami, kuma baƙi ta cikin na'urar bincike suke wucewa. Mu ma'aikata kuwa ta ƙofar baya muke shiga da la'asar, da tarin kaya, fitilu da sanduna da wayoyi, kuma mai gadin ya saba da mu har ba ya buɗe jaka.

Mudir ya ce, “Habibu, abu ne mai sauƙi. Ka sa a jakarka, in ka shiga ka ba shi. Khalas, shi ke nan.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, mu yi hoton a gidansu da safe. Zan je da kaina, in yi shi yadda za su ji daɗi.”

Yayan ango ya ce a'a, a zaure suke so, a gaban jama'a.

Na ce, “To ba a jakata ba.”

Mudir ya yi dariyar da ake yi wa yaro idan ya yi shirme a gaban baƙo. Ya ce wai tsoron bindiga nake ji. A nan ne ya yi kuskure, don da tsoro ne da da sauƙi.

Kafin in zo ƙasar nan, hoton biki nake yi a Gusau da ƙauyukan kewaye. Da hanyoyi suka lalace, aka fara tare mutane, sai na bi shawarar abokai na sayi libarba, wato ƙaramar bindiga. Ba takarda ba komai, kuma ba alfahari nake yi ba. A hanya tana cikin jaka ƙarƙashin kayan aiki, in na isa wurin biki ta koma ƙuguna ƙarƙashin riga. Shekara biyu na yi da ita. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, daga ranar da ka ɗaura ta, idonka ya bar fuskokin mutane ya koma kan ƙofofi. Hotunana suka lalace ina ji ina gani. Amarya na dariya, ni ina kallon wanda ya tsaya da babur a bakin layi.

Rannan a wani biki, ina durƙushe ina saita kyamara, sai na ji an cafko gwiwar hannuna ta baya. Kafin in san me nake yi na juya, hannuna ya riga ya zaro ta rabi. Kawun amarya ne, tsoho tukuf, riƙe da jikokinsa biyu. Ya kalli hannuna, ya kalle ni, ya ce, “Ɗana, hoto kawai na ce ka yi mana.” Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba. Washegari na rabu da ita, na yi wa Allah alkawari ba ni ba ita muddin ina riƙe da kyamara.

Ban tsaya na ba Mudir wannan labari ba, don bai cancanci ji ba. Na dai ce masa ni baƙo ne a ƙasar mutane, in aka kama makami a jakata ba sunan ango za a rubuta ba, ba kuma nasa ba. Ya ɗaga hannu ya ce shi ke nan, an bar maganar. Ni kuma da wautata na yarda.

Da muka fito Isifu ya ja ni gefe. “Ɗan'uwa, ka faye taurin kai. Wannan mutane suna da dogon hannu fa. Ko an gani, waya ɗaya za su buga magana ya mutu.”

Na ce, “Tasu maganar za ta mutu. Tawa fa?”

Ya ce, “Takardar iyalinka fa?”

Na ce masa Allah na nan. Ya girgiza kai, ya ce shi dai ya faɗi nasa.

Ranar Alhamis muka loda kaya a motar kamfani bayan azahar. Ƙa'idata ce ni nake shirya jakata da hannuna tun da safe, kowane gilashin kyamara a gurbinsa, batura a aljihun gefe. Na shirya, na zuge, na tafi masallaci. Da na dawo an riga an sa ta a mota. Mudir da ba ya zuwa wurin aiki sai an fara cin abinci, ranar ya biyo mu a tasa motar, ban kuma kawo komai a raina ba.

Muka isa wajen ƙarfe uku da rabi. Na rataya kyamara ɗaya a wuya kamar yadda na saba, na sungumi jaka na saɓa a kafaɗa. Taku huɗu na yi na tsaya. Jakar da kake ɗauka kullum ka san nauyinta kamar yadda uwa ta san nauyin goyonta. Wannan ta ƙaru, kuma ta rinjaya gefe guda, ƙasa-ƙasa, daidai inda nake ajiye tawa a da. Kafaɗata ta gane tun kafin kaina ya gane.

Na durƙusa na zuge, na ɗaga soson da ke raba gurabe da bakin biro. Ga bindigar nan, an naɗe ta da jan rawani irin nasu, gindinta ya ɗan leƙo. Ban taɓa ta ba. Na ɗaga kai, ga mai gadi can a ƙofar baya, ya gane ni, yana murmushi yana yafito ni da hannu. Ba abin da ya raba ni da shiga sai taku ashirin, kuma na tabbata da na wuce lafiya.

Abin da ya tafasa mini zuciya ba bindigar ba ce. Raini ne. Na ce a'a da bakina, a gaban shaida, sai aka ɗauki a'a ɗina kamar kukan akuya, aka jira na tafi salla aka cusa mini. Wato ni ba mutum ba ne, jakin dako ne mai kyamara.

Mudir ya ƙaraso da sauri yana waige-waige. “Yalla, mu je, Habibu, me kake jira?”

Na miƙe, na bar jakar a buɗe a ƙasa. Na ce, “Akwai kayan da ba nawa ba a ciki.”

Ya rage murya. “Rufe ka ɗauka. Za mu yi magana daga baya.”

“Ranka ya daɗe, jakar kamfani ce, kai ne manajan kamfani. Ga ta, ga ƙofa. Mai gadin ya san ka fiye da ni.”

Mutumin da ya ce abu ne mai sauƙi, ga jaka a gabansa, ya kasa sunkuyawa. Sai gumi. Ya ce, “Ka san takardar matarka tana hannuna?”

Na ce, “Na sani. Aikin da aka ɗauke ni in yi, zan shiga in yi shi yanzu.”

Na juya na nufi ƙofa da kyamarar da ke wuyana kaɗai. Na ɗaga hannuwa na ce wa mai gadi ya laluba ni. Ya yi dariya, ya ce yau kuma wace rana. Na ce ya dai laluba, ya kuwa laluba. Da na waiga, na hango Mudir ya zuge jakar da yatsu biyu, yana ja da ita zuwa but ɗin motarsa.

Ku da kuka san aikin kun san abin da na jawo wa kaina. Bikin mutum ɗari da ɗoriya, gilashi ɗaya, ba fitila, batiri ɗaya. Duk hoton da ke buƙatar nisa sai na taka da ƙafa, duk na kusa sai na ja da baya har ina cin karo da masu raba gahawa. Da aka fara rawar takobi, batirina ya fara nuna ja, ya kusa ƙarewa. Sai na ji an zura mini abu a aljihu. Isifu ne, bai ko kalle ni ba, ya ba ni nasa na ajiya. Daga nan duk inda na juya sai ya karkato fitilar bidiyonsa ta haska mini fuskokin. Mutumin da ya ce na faye taurin kai ke nan. Yayan ango kuwa ya harare ni daga farko har ƙarshe, ni ma na yi masa hotuna masu kyau yana hararar.

Ranar Lahadi, da aka koma aiki, Mudir ya kira ni. Takarda biyu ne a gabansa. Ɗaya ta shaidar albashi, ɗaya kuma an rubuta cewa na yi sakaci da kayan kamfani, na kunyata babban abokin ciniki, ina neman afuwa. Ya ce in sa hannu a ta biyu, in je in ba yayan ango haƙuri, shi kuma ya sa hannu a ta farko.

Na ce, “A ƙara layi ɗaya a faɗi abin da ke cikin jakar, sai in sa hannu.”

Ya ce ba a yin haka. Na ce to ni ma ba na yin haka. Ya ba ni takardar sallama a makon.

Kada ku ɗauka na je gida aka yi mini guɗa. Rukayya ta yi kwana biyu ba ta yi mini doguwar magana ba. A na uku, tana ninke kayan yara, ta ce, “Baban Hanifa, da ka sa hannun nan ba wanda zai sani.”

Na ce, “Mudir zai sani. Gobe in ya sake cusa mini wani abu, takardar tana aljihunsa, ta ce ni ne mai sakaci.”

Ta ajiye rigar da ke hannunta, sannan ta ce, “Na fi son in ce wa yara babansu yana Doha yana aiki, da in ce musu yana Doha a tsare. Amma kada ka ce mini ba zafi, don akwai.”

Na nemi aiki iya nemana. Manyan sitidiyo duk sun san juna, kuma labarin da ya riga ni isa shi ne na mai hoton da ya watsar da kaya a titi. Wanda ya ɗauke ni a ƙarshe wani ƙaramin shago ne a Asian Town, inda nake yi wa leburori hoton fasfo da wanda za su aika gida, sun ari kwat sun tsaya gaban labule mai zanen dogayen benaye. Aiki ne na halal, mutanen kirki ne, amma albashin bai kai wanda doka ta yarda mutum ya zaunar da iyali da shi ba. Izininsu ya ƙare. Ni na kai su filin jirgi da kaina, na dawo ɗaki na tarar da takalmin ƙaramar ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gado, na zauna na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Abin da na koya game da sana'ar nan shi ne, mai hoto mutum ne da ba a gani. Kana tsakiyar taro amma kamar kujera kake, ana buɗe maka ƙofar da ba a buɗe wa baƙi, ba a duba jakarka. Wannan yarda ita ce jarinmu gaba ɗaya, kuma saboda ita ne wata rana wani mai ladabi da turare zai ce ka riƙe masa wani ɗan abu. Ku shirya jakarku da hannunku. In kun bar ta ko na minti biyar ne, ku sake buɗewa kafin ku ɗauka. In kun ce a'a, ku shirya biyan farashinta, don ba kyauta ake faɗinta ba, kuma ba lallai wani ya zo daga baya ya ce kun yi daidai ba. Ni dai har yau ba wanda ya zo.

Yanzu na samu na dawo hoton biki, ina kuma kan neman dawo da su. Da na je hutu bara, ƙaramar ta ga na shigo da akwati, ta ruga ta ɓuya bayan uwarta tana tambayar wane ne wannan. Sai da aka kira wayata ta bidiyo, aka nuna mata fuskata a wayar uwarta yadda ta saba ganina, sannan ta yarda ta zo. Wannan shi ne abin da na biya. Kuma in aka sake cusa mini ita gobe, a filin motocin zan sake ajiye jakar.