Tukunyar da Ba a Kaiwa Sikeli

A garinmu, can tsakanin Dantchiao da Magaria, idan an gama cirar gyaɗa sanyi ya shigo, aikin yara shi ne ɓara. Bayan sallar isha'i sai mu kewaye wuta a ƙofar ɗakin kakata, Iya Talle, kowa da ƙwaryarsa. Ɓawon muke watsawa cikin wutar. Duk gyaɗar gidan muna ɓare ta a kai sikeli, ban da guda: wadda ke cikin tukunya a ƙarƙashin gadon Iya, an barbaɗa mata toka, an liƙe bakinta da laka. Wannan ita ce iri. Ko ubana bai isa ya taɓa ta ba.

Ni ne mai yawan kai hannu baki, don haka ni take fara tsokana.

"Kai mijin banza, ɓara aka ce ko ci? Haka za ka riƙe ni, ka cinye sadakina?"

Sai ta gyara zama ta ce, "To ga ta nan tafe, ku ba ta wuri." Mu ce, "Ta shigo, Iya, mun matsa."

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta Ƙarfe Mai Hannu Ɗaya. Wai an kawo shi wani gari a kan raƙumi, aka gina masa ɗakin dutse da rufin kwano, alhali mutanen garin a bukka suke kwana. Ba ya magana, sai dai ya ɗaga hannu. Kuma duk abin da ya hau bayansa ba ya komawa gida.

Wata shekara damina ta yi gardama. Barorin Ƙarfe suka ce bai ƙoshi ba, a kawo abin da ke rumbu, har iri. Suka ce kada kowa ya damu, baɗi su za su raba nasu. Maza suka sunkuyar da kai suka ɗora wa jakuna. Gardi, dogarinsu, ya shiga bin gida gida yana leƙa tukwane.

Akwai wata mata da ba ta jira a zo mata ba. Ta juye irinta a tsumma, ta goya shi a baya, ta ɗaure da majanyi, ta nufi ɗakin Ƙarfe da ƙafarta. A nan Iya takan kumbura murya ta zama gardi.

"Ke, me ke bayanki?"

"Ɗana ne."

"Ɗa ba ya motsi? Sauke shi a auna."

"A garin nan ba a auna ɗa. Amma tunda awo kuke so, ga ni."

Sai ta taka ta hau bayan Ƙarfe ta zauna, ta miƙe ƙafa. Ta ce, "In mutane kuka fara saye, ku faɗa da ƙarfi kowa ya ji." Matan da ke bakin ƙofa suka ga ba a yi mata komai ba, suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, har hannun Ƙarfe ya cilla sama ya maƙale. Ranar ba a ƙara awo ba. Da damina ta dawo, irin da aka yi alkawari bai iso ba sai da gero ya kai gwiwa. Goyon matar nan aka kwance, aka bi gidaje da shi tafi tafi.

Na taɓa tambayarta, "Iya, ke ce matar?"

Ta jefe ni da ɓawo. "Na yi maka kama da mai hawa ƙarfe? Ɓare gyaɗarka."

Ɗakin dutsen dai yana nan a gefen kasuwarmu, tsohuwar mangazar da ake auna gyaɗa a tara ta. Kwanon ya daɗe da tafiya, zana muka shimfiɗa a sama. A ciki muke karatun manya, mu masu furfura, muna koyon riƙe alƙalami. Faifan sikelin yana nan a nutse cikin ƙasa, ya yi tsatsa. A kansa nake zama, don babu mai son wurin.

Bana gyaɗa ba ta yi ba. Masu saye daga ƙetaren iyaka suna yawo da sikelin rataye, suna neman ko tiya guda. Ɗana Sani ya matsa mini. Moto yake so, wato babur, ya yi kabu-kabu a Dungas, kuma abin da ya tara bai kai ba.

"Baba, a haɗa da ta tukunya. An ce froje ta masu tallafin noma za ta raba iri kafin ruwa."

"Wa ya ce?"

"Kowa na faɗa."

"Na taɓa jin wannan maganar, ba a ma haife ka ba."

"A tatsuniya ka ji ta, Baba!"

Gaskiyarsa, a tatsuniya na ji. Kuma ba na cewa yaron ba shi da hujja, zaman banza da rani yana cin matashi. Na ba shi wake, na ba shi ɗan bunsuruna. Amma ina yaro na ɗauka labarin na mace mai taurin kai ne. Sai yanzu na gane abin da Iya take nufi da goyo. Wannan jar gyaɗar daga hannunta ta zo hannun uwata, ta zo nawa, kuma ba ta taɓa jiran kamyo ko wata motar rabon iri ba.

Sani bai ci tuwo tare da ni ba tun ranar. Zan jira shi, na iya jira. Jiya na kwaɓa laka a gabansa, na barbaɗa toka, na liƙe bakin tukunyar, na danna babban yatsana a kai yadda Iya take yi. Na ce masa duk mai son auna ta, ya fara ɗora ni.