Saliha a Bakin Kanal

A zaman makokin Kawu Iliyasu na fara jin sunan Saliha. Goggo ce ta faɗa ƙasa-ƙasa, wai a littafin Saliha na aljanun ruwa akwai wani Iliyasu da ruwan kanal ya ci, kamar yadda ya ci Kawu, kuma littafin ya fito tun Kawu yana da rai.

Yau ga ta a bakin kanal ɗin Bunkure. Siririya ce, hijabinta ya koɗe, ta tsoma ƙafafu a ruwa tana rubutu a waya. In ta kai ƙarshen layi sai ta karanta a hankali, ta karkata kai, kamar tana jiran ruwan ya yi mata gyara. Masu dakon tumatir suna kauce mata. Ina jin ita ma tsoron rubutun take yi, amma da shi take ci.

Na gaishe ta. "Anti, na karanta littafinki. Ni ce..."

Ta ɗaga hannu, ba ta dube ni ba.

"Ƙanwata, don Allah kar ki faɗa min sunanki. Akwai yarinyar da za ta shiga ruwa a babin nan, ban sa mata suna ba tukuna."