Kunnen Ƙara-Wuta

Ƙanena bakanike ne, Ƙara-Wuta ake ce masa. Kawo masa a-kori-kurar da ke nishi a kan tudu, ya buɗe famfon mai, ya sauya nozul, ya yanke salansar hayaƙi, ta fito tana neman tashi sama. Da kunne yake aiki: ya kafa bakin sukudireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido, yana ƙara mai har sautin ya yi masa. Tun yana saurayi haka yake, kuma wallahi ya iya.

To, kunnen nan ya mutu, ƙarar gareji ta cinye shi. Matarsa ta sani, na sani, shi kaɗai ke musu. Ka yi masa sallama ya ce maka lafiya lau.

Sai ga autana, da ke dakon bulo daga kan dutse, ya ce zai kai wa kawunsa mota a ƙara mata ƙarfi. Na ce kada ya kuskura. Ya yi dariya, wai, "Inna, ke da tsoro!"

Na yafa mayafi na bi shi. Na iske an gama, injin na ruri, amma can ƙarƙashin rurin akwai wani ƙwas-ƙwas kamar ana buga cokali a tukunya.

"Kai, ba ka jin wannan?" na ce.

"Na'am, Yaya?"

"Ƙarar nan!"

Ya manna sukudireba, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai. "Lafiyarta garau. Ki bar mu da aikinmu."

Auta ya shiga mota, na riƙe hannunsa ta taga. Ya kalli kawunsa, ya kalle ni. Ya ji ƙarar, na gani a idonsa, amma ina zai iya ƙaryata kawunsa a gaban mutane? Ya zare hannunsa, ya taka totur.

Na zauna a benci, na ƙi tafiya gida. Ƙara-Wuta yana ta wanke hannu da fetur.

La'asar ta yi, wayarsa ta hau kuka a gefena. Bai juyo ba. Hoton auta ne a kai. Na ɗauka, sai muryar wani baƙo, yana haki, wai an yi hatsari, yana tambayar ko akwai ɗan'uwan mai motar kusa.

Ƙanena ya hango ni da waya a kunne, ya washe baki.

"Godiya ya kira ya yi, ko?"