Hafsan da Muka Bari a Bakin Kogi

Shekara biyu na yi ina kula da wani tsohon Bature a unguwar Irving Park, can ƙasar Turawa. Idanunsa sun mutu, amma bakinsa na nan daram. Aikina in yi masa wanka, in ba shi magani, bayan azahar kuma in karanta masa littafin tafiye-tafiyen kakan kakansa. Hafsan soja ne da gwamnatinsu ta tura yammacin ƙasar tun zamanin dawakai, ya binciko mafarin koguna, ya zana taswira.

Da farko hafsan nan haushi yake ba ni. Mutum ya shiga ƙasar mutane ba sallama, ya tarar da kogi da sunansa, ya raɗa masa wani! Na faɗa wa tsohon haka, ya yi dariya har ya ƙware. Amma da muka yi nisa sai tausayinsa ya kama ni. Tun yana laftanar har ya zama kanar, abu ɗaya yake jira a kowane zango, wasiƙa daga gida. Ni ma in na koma ɗakina a titin Gate City Boulevard, waya nake ta dubawa. Ban da tsohon nan, babu wanda maganarmu take wuce gaisuwa.

Mun kai inda hafsan ya tsaya a bakin wani kogi da ya cika, alfadarai sun ƙi shiga, sai tsohon ya rasu ranar hutuna.

Washegari na sa babbar riga na tafi zaman makoki, kamar yadda na taso na gani. Na zaci zan tarar da gida maƙil, takalma jibge a ƙofa. Ba kowa sai 'yarsa, tana ta waya. Na cire takalmi, na zauna a ƙasa a falo, na ce Allah ya ba su haƙuri. Ta dube ni a rikice, sannan cikin ladabi ta ce, "Makulli ka kawo?"

Na miƙa mata makullin gidan. Ta ce jana'iza sai bayan mako biyu, kuma ta iyali ce kawai. Ta raka ni har ƙofa.

Kwana uku na yi ina zaman makoki a kan darduma a ɗakina, ƙofa a buɗe, buta cike da shayi. Ban gaya wa kowa an yi mini rasuwa ba. Ko a masallaci na faɗa, tambayar farko ita ce, "Ya kuke da shi?"