Abin da Lauje Ya Bari

Inna Safara'u ba ta roƙo, kuma ba ta karɓar sadaka. Duk unguwarmu a Talata Mafara an san da haka. Ka aika mata da tuwo, ta maido maka da kwanonka cike da kuka ko daddawa, don kada a ce ta ci banza. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta guda ya tafi haƙar zinare wajen Maradun, tun ana jin labarinsa har aka daina.

Kala ke riƙe da ita. In ana yankan shinkafa a gonakin Bakolori, sai ta bi bayan masu lauje da ƙwaryarta, tana tsintar zangarniyar da ta zube. Abin da ya faɗi ƙasa rabon wanda ya duƙa ne, haka muka tarar. Da shi take tuwo, da shi take fita kunyar baƙi. Gonar yayana Nagode ta fi bi, don tare suka yi maƙwabtaka da mahaifiyarmu.

Bara sai ƙungiyar manoma ta kawo injin girbi. Ni Lailatu ba zan yi ƙarya ba, har guɗa na yi masa. Ya yanka, ya buga, ya sheƙe, sai dai ka tara buhu. Aikin da ke karya bayan mazajenmu ya zama na wuni guda. Amma ɗan banzan nan ba ya zubar da zangarniya, tattaka kawai yake tofarwa a baya. Inna ta wuni tana birkita tattakar, ta koma gida gindin ƙwaryarta ma bai rufu ba.

Yaya Nagode ya ga haka, tausayi ya kama shi, ya ɗora buhu guda a baro ya aika mata. Da na ji, na same shi na ce, “Haba Yaya! Kamar ba garin nan aka haihe ka ba? Inna za ka kai wa buhu, da rana tsaka, kowa na kallo?” Ban rufe baki ba sai ga baron ya dawo da buhunsa, ko ɗaurin ba a taɓa ba. Wai a gaida Nagode, a ce masa ba ta makance ba, ba ta gurgunce ba.

Da shinkafar rani ta nuna, ya sake dabara. Ya sa mai injin ya bar fangali guda na shinkafa a tsaye a bakin magudanar ruwa, ya je ya ce wa Inna injin ba ya iya shiga wurin, ta je ta kwashe kada tsuntsaye su ci. Ta je kuwa. Ta yanke, ta buge, ta sheƙe, ta yi ta jido a ka har ƙofar gidansa.

“Ga shinkafarka, Nagode,” in ji ta. “Abin da ke tsaye na mai gona na.”

Ranar na ji haushinta, wallahi, kamar in kama ta in girgiza. Tsohuwa ta rame, zani na neman zagaye ta sau biyu, amma taurin kai na nan! Na shiga ɗaki na yi kukana. Kowa ya san ba abin da ya rage a tukunyarta, kuma damina na tafe.

Sauran gonarsa guda ba a girbe ba, ta hanyar Bakura. Da injin ya shiga, nan ma ya sa aka bar fangali, har biyu, bai ce wa kowa komai ba. Da safe na ga ya zaro tsohon lauje daga saman rumfa yana wasawa. Mutumin da likita ya hana duƙawa, wanda ko salla a zaune yake yi! Na bi shi gonar da fura ina mita.

Ya duƙa ya fara yanka. In ya damƙi shinkafa, rabi ya kai dami, rabi ya zube. Can sai ga Inna da ƙwaryarta, ta ji ana yanka da lauje. Suka gaisa, gida, gajiya, iyali, kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninsu. Ta daɗe tsaye tana kallon ƙasa, tana kallon bayansa da ke rawa.

Sai ta duƙa ta fara tsinta.

“Nagode,” ta ce, ba ta ɗago ba, “wanga yanka naka na ɓarna na. Ka tsufa.”

“Awo, Inna,” in ji shi. “Hannun ba ya riƙo yanzu.”

Ta goge ido da bakin mayafinta. “To ka riƙa hutawa, ɗana. Ba sauri nike ba.”