Kwanon da Inna ke gwada mutane da shi

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyarmu, kuma har yau mutanen Ketare na cewa ba a yi mace mai zargi irinta ba. Ban musa ba, amma wanda bai raini Ado ba ya yi shiru.

Ado wana ne. An haife shi hannuwa a ƙandare, harshe da nauyi, yawu ba ya tsaya masa a baki. In yana cin tuwo, rabi ciki, rabi ya koma kwano.

Lokacin da arzikin mai ya buɗe, kowa ya zama mai taimako. Wani Alhaji da Baba ya haɗu da shi a kasuwar Yankara ya biyo shi gida da mota sabuwa fil, wai akwai gidan kula da naƙasassu a birni, da gado da likita. Baba har ya sa a wanke wa Ado riguna. Inna ta zuba tuwo kwano ɗaya, ta ce wa Baba, “Malam, kai masu zaure, shi da yaron su ci tare.” Ta laɓe tana leƙe.

Alhaji ya dubi hannun Ado a cikin miya, ya ce wallahi a ƙoshe yake.

“Wanda ba ya iya haɗa hannu da shi gaban idona, mi zai yi mashi bayan idona?” in ji Inna. “Ba inda za ya.”

Baba ya yi fushi, dangi suka ce ta toshe wa yaro arziki. Ko gidan nan gaskiya ne? Allah masani, ni dai ban taɓa jin wanda ya gan shi ba. Wani sa'in kuma nakan ce, in fa da gaske ne?

Yanzu masu zuwa da sunan taimako sun fi na da yawa. Su dafa kafaɗar Ado, a ɗauki hoto, su goge hannu da hankici a mota. Da tana nan, da ko tabarma ba ta shimfiɗa musu ba.

Abin da ban taɓa faɗa ba, a ciwon ajalinta ta sa aka zuba fate kwano ɗaya, aka ajiye tsakanina da Ado. Ni da muka fito ciki ɗaya! Raina ya sosu ƙwarai. Na ci, tana kallon hannuna, ba ta kau da ido ba sai da kwanon ya ƙare. Sannan ta ce, “To, na bar maka shi.”

Allah Ya jiƙan Inna. Gonarta an raba, ɗakinta ya rushe, zargin nan ne kawai gadona, kuma tsoro nake ji. Ado ya yi furfura, ni ma ƙafa ta fara ƙi. 'Ya'yana kowa rantsuwa yake zai riƙe Baba Ado bayana. Ranar Juma'a da suka taru na sa aka zuba tuwo kwano ɗaya gaban Ado, na koma gefe ina kallo. Har tuwon ya huce ba wanda ya tashi wanke hannu.